Wai da gaske asalin kalmar "nice" wawa take nufi?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi gaban malamai. Ina neman gurbin ƙaro karatu a waje, aka ce in kawo takardar shaida daga wanda nake aiki a ƙarƙashinsa. Shekara huɗu ina tare da mutumin nan, ko ranar Asabar ya kira ni ba na cewa a'a. Da na karɓi takardar, a cikin adaidaita sahu na buɗe ta saboda ɗoki. Layi biyar ne kacal, kuma duk abin da ya faɗa game da halina shi ne "he is a very nice person". Na nuna wa wani abokina, sai ya ce ai kalmar nan asalinta wawa take nufi, kuma wai Turawa sun san da haka. Wallahi ban yi barcin kirki ba. Don Allah wanda ya sani ya warware mini, yabona ya yi ko zagina?

Sanusi: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, ni ma na taɓa cin karo da bayanin. Daga Latin ta fito, kuma jahili take nufi. Tun ranar da na sani na daina faɗa wa kowa ita.

Malama Binta: Auwalu ƙanena, kwantar da hankalinka tukuna, ba a zage ka ba. Yau shekara 16 ina koyar da Turanci a sakandare, kuma wannan kalma na daɗe ina fama da ita, don haka ka ba ni dama in ɗan ja magana.

Rabin abin da abokinka ya faɗa gaskiya ne. A harshen Latin akwai "nescius", wato wanda bai sani ba. Gaɓa biyu aka haɗa: "ne" na korewa, da "scire", wato sani. Daga wannan "scire" ɗin ne aka samu "science" da muke ce wa kimiyya, ka ga ke nan kalmar ilimi da kalmar rashin sani uwarsu ɗaya. Daga Latin ta gangara cikin tsohon Faransanci ta zama "nice", ma'anarta sakarai ko mai ƙarancin wayo. Yadda aka yi ta tsallaka Ingila kuwa, a 1066 ne William mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa ya ci ƙasar da yaƙi, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da na kotu shekaru aru-aru. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. A tsakanin nan kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Turanci, wannan tana cikinsu. Wajen shekarar 1300 ta fara bayyana a rubuce, kuma a lokacin in aka ce mutum "nice" ne, to wawa ake nufi, babu kwana-kwana.

Amma fa wannan maganar shekara 700 ce da suka wuce. Yau ko a Landan ka tare mutum a hanya ka tambaye shi, ba zai kawo wauta a ransa ba sam, sai dai in ɗalibin tarihin harshe ne.

Sanusi: Malama, ni inda nake da ja shi ne, kalma ai ba ta rabuwa da tushenta. A Larabci in kana son sanin haƙiƙanin ma'ana, tushen nan mai harafi uku kake komawa. In mutane sun karkatar da ita daga baya, kuskurensu ne, ma'anar gaskiya tana nan inda take.

Malama Binta: Malam Sanusi, akwai bambanci. Balarabe in ya ji "kitab" da "katib" da "maktab", kunnensa yana jin k-t-b a ciki, tushen yana raye a bakinsa kullum. Bature kuwa in ya ce "nice" ba ya jin "ne" ba ya jin "scire", sun narke tun kafin kalmar ta iso gare shi. Kuma ba dare ɗaya ta yi tsalle daga wawa zuwa mai daɗi ba, rarrafe ta yi, kowane mataki yana riƙe da hannun na bayansa. Daga wawa ta koma shagwaɓaɓɓe, mai yawan yanga da ado. Daga nan ta koma mai ƙaƙale, wanda ba kowane abinci yake ci ba, ba kowace riga yake sawa ba. To mai ƙaƙale ai shi ne mai lura da ɗan ƙaramin bambancin da wasu ba sa gani, shi ya sa a ƙarni na 16 ta koma nufin abin da aka yi da tsantseni, daidai wa daida. Wannan ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba: har gobe lauya zai iya cewa "a nice distinction", ba wai bambanci mai daɗi yake nufi ba, bambanci siriri kamar gashi yake nufi. Abin da aka yi da tsantseni kuma yakan burge, sai wajen 1769 aka fara ganinta da ma'anar abu mai daɗi, wajen 1830 kuma da ma'anar mutum mai kyautatawa. Masu babban ƙamus na Oxford da kansu sun rubuta cewa a misalai da yawa na ƙarni na 16 da na 17 yana da wuya a gane wace ma'ana marubucin yake nufi, saboda lokacin kalmar tana tsakiyar rikiɗa.

To yanzu wacce ce ma'anar gaskiya a cikinsu? In ka ce ta farko, me zai hana wani ya ce ta tsakiya?

Kabiru: Ku gafarce ni in na fita daga layi. Ƙungiyar ƙwallon nan ta Faransa mai suna Nice, ita ma daga nan sunanta ya fito?

Isuhu Maraɗi: A'a Kabiru, ba su haɗa komai ba sai rubutu. Sunan birni ne a bakin tekun Bahar Rum, kuma "Nis" ake furta shi, ba "nayis" ba. Girkawa ne suka kafa garin tun kafin haihuwar Annabi Isa, suka sa masa Nikaia, daga kalmarsu ta nasara. Sunan takalman Nike ma daga can aka ɗauko. Garin bai zama na Faransa dindindin ba sai a 1860.

Tun da na buɗe baki bari in ƙara wani abu. Mu nan Nijar da muka yi lakwal, wato makaranta, da Faransanci ba mu taɓa jin "nice" a cikinsa ba, Faransawa sun yar da ita tuntuni, Ingilishi ne suka tsince ta suka rene ta. Mu "gentil" muke cewa ga mutum, "agréable" ga wuri ko yanayi. Sifaniyawa kuwa har yanzu suna da "necio", kuma wawa take nufi a wurinsu kamar yadda take tun farko. Wata matsala da mu ke samu in mun zo koyon Ingilishi ita ce, a Faransanci "gentil avec moi" ake cewa, sai mu ɗauko shi yadda yake mu ce "nice with me". Malamin da ya koya mana ya sha gyara mana wannan har ya gaji.

Malama Binta: Haka ne Malam Isuhu, "nice to me" ake cewa in mutum ya kyautata maka. In kuma yaba abin da ya yi za ka yi, sai ka ce "it was nice of you". Nawa ɗaliban kuma tasu matsalar daban ce, rikita ta suke yi da "niece", 'yar ɗan'uwa ko 'yar 'yar'uwa. Zangon da ya wuce wata yarinya ta rubuta mini labarin bikin suna, tun daga sama har ƙasa "my nice" take cewa, jaririyar yayarta take nufi. Na kira ta teburina na ce ta furta su biyun a hankali, "nayis" da "niis", sai da ta maimaita sau da yawa kafin kunnenta ya raba su.

Baba Idi: Sannunku da muhawara. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma maganar Sanusi ce ta taso ni. Ɗana Sanusi, ba sai mun je Ingila ba, mu duba cikin gidanmu. Kai ɗan boko ne ko ba ɗan boko ba?

Sanusi: Ɗan boko ne Baba, har digiri.

Baba Idi: Madalla. To da yawa suna zaton boko daga "book" ta fito, amma ba haka ba ne. Kalmar Hausa ce tsohuwa, ma'anarta abin da ba na gaske ba, algus, yaudara. Ka taɓa jin biri boko ai. Da can a wajen biki akwai amaryar boko, wadda ake fitowa da ita a maimakon amaryar gaskiya. Ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 ya kawo irin waɗannan ma'anoni, kuma Farfesa Paul Newman ya yi rubutu na musamman a 2013 yana tabbatar da cewa ba aro ba ce. Kakanninmu da suka ga karatun Bature sai suka ce wannan karatun boko ne, wato ba shi ne na ainihi ba. Yau kuwa uba zai sayar da gonarsa don ɗansa ya yi boko, kuma in ya ce "ɗana ya yi boko mai zurfi" alfahari yake, ba cewa yake ɗansa ya ƙware a yaudara ba. In za mu bi ƙa'idarka, to kai ma ka daina yarda a kira ka ɗan boko.

Ga kuma wani da kuke yi ku yaran yanzu. Jikata za ta ɗanɗana miya ta ce tana da bala'in daɗi, ta ga atamfa ta ce masifar kyau gare ta. Farkon da na fara jin haka raina bai so ba, don mu a wurinmu bala'i da masifa abin neman tsari ne. Amma na san abin da take nufi, ita ma ta san na sani. Turawa ma suna da wadda ta bi hanya ta koma baya: "silly" da yanzu take nufin sakarai, a tsohon Turanci mai albarka take nufi, kuma 'yar'uwarta "selig" a Jamusanci har yau tana nan da ma'anar albarka.

Sanusi: Maganar boko ta kama ni Baba, ban da amsa a kanta. Na janye cewa zagi ne. Amma har yanzu raina bai kwanta da takardar Auwalu ba. Shekara huɗu fa. Mutum ya yi maka hidima shekara huɗu, abin da za ka iya faɗa a kansa ke nan?

Maman Sadiq: To yanzu aka zo wajen. Ni aikin jinya nake yi a Ingila shekara tara ke nan, kuma kalmar nan ina jin ta daga safe har dare. Shayi "nice", rana ta fito "nice", sabon labule "nice", maƙwabci "nice". Akwai ma wani salo da suke yi, su ce "nice and warm" ko "nice and slow". Ba abu biyu suke lissafawa ba, nufinsu ɗumin ya yi daidai yadda ake so. Ni kaina haka nake ce wa tsofaffi in zan tayar da su daga gado. Kuma in kun fara haɗuwa da mutum "nice to meet you" ne, in kun riga kun san juna "nice to see you". Na taɓa ce wa wata da muka yi wata shida muna aiki tare "nice to meet you" bayan ta dawo hutu, ta tsaya tana kallona, ta zaci na manta ta ne.

Abin da nake so Auwalu ya gane shi ne, kalmar ba ta da dafi, amma ba ta da nauyi. Kamar kuɗin da ya sha hannu ne har rubutunsa ya goge. In na nuna wa abokiyar aikina hoton ɗana ta ce "that's nice" ta ci gaba da abin da take yi, na san ladabi kawai ta yi. Amma akwai wata tsohuwa da na yi jinya, kullum da asuba nakan jiƙa tawul da ruwan ɗumi in goge mata hannu kafin a kawo karin kumallo, don sanyi yana kama mata yatsu. Ranar da za a sallame ta ta riƙe hannuna ta ce "you have been so kind". Ba ta ce "nice" ba. A kunnensu "nice" ta fi kusa da fara'a da iya mu'amala, "kind" kuwa daga zuciya take fitowa. Masu tantance takardun neman karatu in suka ga "nice" ita kaɗai, za su iya ɗauka marubucin bai sami abin faɗa ba ne game da aikinka.

Auwalu: Anti, to wannan ai ya fi na farko tayar mini da hankali. Ke nan da gangan ya yi don kada in samu?

Malama Binta: Kada ka yi saurin yanke hukunci. Amma Maman Sadiq ta faɗi gaskiya game da rashin nauyin, kuma ba yau aka fara kuka da shi ba. A wani littafin Jane Austen, marubuciya 'yar Ingila, da ya fito a 1817, akwai saurayin da yake tsokanar wata budurwa saboda ta kira littafi "nicest", yana ƙorafin cewa kalmar da a da take nufin tsari da tsantseni yanzu an mayar da ita ta kowa da komai. Shekara 200 ke nan ana wannan ƙorafin.

Ni a ajina ga abin da nake yi. In ɗalibi ya rubuta "nice", sai in ce ya faɗa mini da Hausa. Nan take yake gane matsalar, domin Hausa ba ta yarda ka ɓuya a bayan kalma ɗaya. Riga ce? Tana da kyau. Tuwo ne? Yana da daɗi. Turare ne? Yana da ƙamshi. Mutum ne? To wane iri, mai fara'a, mai kirki, mai haba-haba da baƙi, ko mai sauƙin kai? Dole ka zaɓa. In ya zaɓa da Hausa sai in ce to yanzu nemo Turancin wannan, sai ka ga "delicious" ta fito, "generous" ta fito, "patient" ta fito. Ba na hana su amfani da ita a hira, a hira babu kamarta. A insha'in jarrabawar WAEC ne nake cewa su rage. Wani abu kuma tunda muna kai: in ta haɗu da wata sifar ita ke shiga gaba, "a nice big house" ake cewa, ba "a big nice house" ba, domin a Turanci sifar ra'ayi tana riga sifar girma.

Baba Idi: Malama, wannan dabarar taki ce ta buɗe mini ido a kan takardar. Auwalu, maigidan naka Bahaushe ne?

Auwalu: Bahaushe ne Baba, dattijo, ya kusa ritaya.

Baba Idi: To ina kyautata zaton da Hausa ya yi tunanin, ya rubuta da Turanci. A ransa cewa ya yi "Auwalu mutumin kirki ne ƙwarai", da ya zo juyawa sai hannunsa ya faɗa kan kalmar da ta fi kusa. Kai kuwa ka san nauyin mutumin kirki a bakin dattijo. Ba kowa ake ce wa haka ba. In aka zo binciken aure aka tambayi mai unguwa ya ce yaron mutumin kirki ne, magana ta ƙare, an ba shi. Wani Bature da ya yi aiki a Arewa, Anthony Kirk-Greene, sai da ya yi lacca sukutum a kan wannan magana, aka buga ta a 1974, yana ƙoƙarin bayyana wa 'yan'uwansa abin da ke ƙunshe a ciki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci da sauransu. Duk wannan kayan ne maigidanka ya ɗauko ya zuba a ƙaramar kwalla, ba ta iya ɗauka ba, ya zube a hanya. Ni na yi aikin fassara shekaru da dama, kuma ban taɓa samun kalmar Turanci ɗaya tak da ta ɗauke kirki ba.

Shawarata, kada ka je masa da fushi, kuma kada ka ambaci maganar wawa ko kusa. Ka gaishe shi, ka gode masa, sannan ka ce masu makarantar suna son a faɗi ayyukan da ka yi dalla-dalla. Ka tafi da su a rubuce a 'yar takarda don ka sauƙaƙa masa.

Maman Sadiq: Wannan ita ce shawara. Su a can misali suke so: wane aiki aka ba shi, yaya ya yi shi, me ya gyara. Kalmomi irin su "reliable", "honest", "hard-working", kowacce da hujjarta a gefe.

Sanusi: Allah ya sa haka ne Baba. Auwalu, ka dawo mana da labari.

Auwalu: Jama'a na dawo, ku yi haƙuri da shiruna kwana biyu. Na same shi bayan azahar yana kan dadduma a ofis, na jira ya shafa addu'a. Na yi yadda Baba ya ce. Da na gama bayani sai ya cire tabarau ya kalle ni ya ce, "To ai na gaya musu kai mutumin kirki ne, me kuma ya rage?" Baba, kalma a kan kalma haka ya faɗa, sai da tsikar jikina ta tashi. Na ce masa ranka ya daɗe, su ba za su ji shi yadda ka faɗe shi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce in jawo kujera. Ya karɓi 'yar takardar da na zo da ita, ya karanta, ya ce na manta lokacin da aka yi kuskuren turo kuɗi fiye da kima na mayar ba tare da kowa ya sani ba. Ni ban ma san ya sani ba. Yana faɗa da Hausa ina bugawa a kwamfuta da Turanci, in na karanta masa ya ce a'a, ƙara kaza. Mun tashi da shafi ɗaya da rabi. A layin ƙarshe ya ce lallai sai na bar masa "nice person" ɗinsa, na bar masa. Gobe da safe zan tura in sha Allahu. Malama Binta, in na turo miki ta akwatin sirri yau da dare za ki iya duba mini nahawun?

Malama Binta: Turo kafin ƙarfe tara, ina da takardun 'yan aji uku da zan yi wa maki bayan isha'i.